Takarda, Gishiri da Jakar Kitse: Yadda Ake Ƙera Bangon Ƙwayar Halitta a Ɗakin Bincike

Kowace ƙwayar halitta da ke jikin ɗan Adam, ta jini ce ko ta hanta ko ta ƙwaƙwalwa, a lulluɓe take da wani tantani wanda kaurinsa bai wuce nanomita 5 ba. Sai an raba milimita ɗaya gida miliyan kafin a sami nanomita guda. Duk da siririntarsa, shi ke yanke abin da zai shiga ƙwayar da abin da zai fita. Magunguna da yawa ba sa aiki sai sun ratsa shi, ko sun kama wani furotin da ke dashe a jikinsa. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ma ta kansa take bi kafin ta shige cikin jan jini ta ɓuya.

Mai son sanin halin wannan tantani yana da damuwa guda. A jikin ƙwaya mai rai, tantanin ba shi kaɗai ba ne. Furotin iri-iri sun cika shi, ta ciki akwai zaruruwan da ke tokare da shi, ta waje kuma sassan sukari sun yi masa cirko-cirko. Idan ka ja shi ya miƙe, ko ka zuba masa magani ya yage, ba ka da tabbacin kitsen ne ya amsa ko wani daga cikin tarkacen nan. Shi ya sa masu bincike suka koma ga wata dabara: su ƙera fankon ƙwaya, bango kawai da ruwa a ciki, da irin kitsen da suka zaɓa da hannunsu, sannan su riƙa ƙara abubuwa ɗaya bayan ɗaya suna kallon abin da zai sauya. Wannan fanko shi ne babbar jakar kitse mai bango ɗaya, wadda 'yan fannin ke taƙaita sunanta da GUV. Faɗinta daga maikromita 1 (wato nanomita dubu) ne zuwa wajen 100, alhali jan ƙwayar jini ba ta wuce 8 ba. Girman nan shi ne amfaninta, domin ana ganinta da madubin bincike na haske, ana iya kama ta da bakin ɗan siririn bututun gilashi a tsotsa, a ga yadda take miƙewa da lokacin da za ta fashe.

Kitsen da ake magana ba irin man gyaɗa ba ne, wanda gaba ɗayansa gudun ruwa yake yi. Wannan, wato fosfolifid, mai fuska biyu ne: yana da kai mai son ruwa da jela biyu masu ƙinsa. Akwai shi jingim a gwaiduwar ƙwai da waken suya. Da zarar ya tsinci kansa cikin ruwa, jelunan sai su ɓuya a tsakiya, kawunan su fuskanci ruwa ta sama da ta ƙasa, a sami shimfiɗa mai sahu biyu. Sai dai shimfiɗa tana da baki, a bakin nan kuma jeluna suna waje ruwa na taɓa su. Hanyar rabuwa da bakin ita ce shimfiɗar ta naɗe, ta haɗe da kanta, ta zama ƙwallo rufaffe. Ba wanda ya ɗinke ta. Ƙin ruwan da jelunan ke yi shi ne ya yi aikin duka.

Tun 1925 wasu masana biyu a Holan, Gorter da Grendel, suka tatsi kitsen jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka ga faɗinsa ya ninka faɗin fatar ƙwayoyin sau biyu, suka ce lallai sahu biyu ne. Daga baya an gano sun yi kure biyu a awonsu, ba su tatse kitsen duka ba, kuma sun rage faɗin ƙwayoyin, amma kure ɗaya ya cinye ɗaya, amsar ta fito daidai. A farkon shekarun 1960 kuma Alec Bangham, likitan jini a cibiyar Babraham kusa da Kambirij a Ingila, ya ga da madubin lantarki cewa busasshen fosfolifid idan ya sha ruwa da kansa yake zama jakunkuna rufaffu. Daga nan fannin ya samo asali.

To, in dai kitsen da kansa yake naɗewa, ina wahalar? Wahalar ita ce ba ya naɗewa yadda kake so. Zuba ruwa a kan busasshen kitse ka girgiza, abin da za ka samu farin ruwa ne mai duhu-duhu, cike da dunƙule-dunƙule masu bango a kan bango a kan bango, wani ƙarami wani babba. Irin wannan ba ya kwaikwayon ƙwayar halitta, don ita bangonta ɗaya ne tal.

Mafita ɗaya ita ce a ƙanƙanta dunƙule-dunƙulen nan, ta hanyar tura su ta cikin leda mai ƙananan ƙofofi. Akwai wata leda ta polikabonet da ake yi wa huda ta hanya mai ban mamaki: a harbe ta da manyan ƙwayoyin zarra masu gudu, kowace ta bar tabo a miƙe, sannan a jiƙa ledar a ruwan soda mai ƙarfi ya cinye tabon ya zama rami, duk ramukan faɗinsu kusan ɗaya. Masana a ɗakin binciken kamfanin General Electric a Amurka suka fito da dabarar a shekarun 1960. A 1985 Pieter Cullis da abokan aikinsa a Bankuba ta Kanada suka nuna cewa idan aka matsa waɗancan dunƙule-dunƙulen ta ramukan nanomita 100, ana maimaitawa, za su fito ƙanana, masu bango ɗaya, girmansu kusan daidai. Har yau haka ake yi da ɗan ƙaramin injin mai sirinji biyu, leda a tsakaninsu, ana tura ruwan daga wannan zuwa wancan. Kuma mara ake yi, sau 11 ko sau 21, domin ruwan ya ƙare a sirinjin da ba a fara da shi ba, ya bar manyan gutsattsarin da suka kasa wucewa a baya.

Irin waɗannan ƙananan jakunkuna su ne suka shiga asibiti. Doxil, maganin daji da aka ƙunshe cikin jakar kitse, ya sami izini a Amurka a 1995. AmBisome kuwa yana cikin magungunan da ake ba masu cutar kala-azar a wurare irin su Gadarif ta gabashin Sudan, inda Hausawa da yawa ke zaune. Amma jakar nanomita 100 ta fi ƙarfin madubin haske, ɗigo kawai za ka gani in ma ka gani. Mai son kallon bango yana lanƙwasa da idonsa dole ya nemi wadda ta ninka wannan sau ɗari. Babba kuma ba ta samuwa da ƙarfi, domin bangon nan ko kashi 5 cikin ɗari ba ya miƙewa kafin ya yage. Sai da lallashi.

Duk hanyoyin lallashin nan farkonsu ɗaya ne. A narka kitsen a cikin kulorofom, wani ruwan sinadari mai saurin bin iska, a shafa 'yan ɗigo a kan wata fuska, a bari kulorofom ɗin ya tashi, a sa a cikin tukunyar zuƙe iska don ragowarsa ya fita. Abin da ya rage wani ɗan dusu-dusu ne da ido ke gani da ƙyar, amma a haƙiƙa shimfiɗu ne masu yawa jibge a kan juna. Sai a zuba ruwa a hankali, a ja da baya. Abin da ake fata shi ne shimfiɗar sama ta rabu da ta ƙarƙashinta, ruwa ya shiga tsakani, ta kumbura, ta rufe. Duk wadda ta taɓa jiƙa ƙanzo a tukunya ta san yadda lamarin yake: ruwan yana kwance a sama, amma ba ya ɗaga ƙanzon sai ya sami hanyar kutsawa ƙarƙashi ta gefe ko ta tsaga, shi ya sa ake barinsa ya kwana. Haka Reeves da Dowben suka yi a 1969, a kan gilashi, da ruwa marar gishiri da haƙurin sa'o'i masu yawa. Ana samun jakunkuna, amma gauraye da shara mai yawa.

A 1986 Miglena Angelova da Dimiter Dimitrov, masana daga Bulgeriya, suka kawo wutar lantarki cikin zancen. An shafa kitsen a kan wayar filatinam, daga baya aka koma gilashi mai fentin ITO, wannan fenti mai ɗaukar wuta da ido ke ratsawa wanda ake sa wa fuskar wayar hannu. Ana ba shi wuta 'yar kaɗan, bolt ɗaya zuwa uku, mai juyawa sau 10 a daƙiƙa, ta riƙa kaɗa shimfiɗun har su saki juna. Cikin sa'a ɗaya ko biyu sai ka ga jakunkuna manya, kewayayyu, tsaf-tsaf. Shekara da shekaru wannan ce hanyar kowa, kuma da ita aka yi manyan ayyuka. A 2003, misali, Sarah Veatch da Sarah Keller a Amurka suka nuna cewa idan aka haɗa kitse iri biyu da kolestarol a bango ɗaya, aka sauke zafi, bangon yakan rabu gida biyu, tsibirai kewayayyu suna yawo a kansa suna haɗewa. Sai dai wutar tana da nata ɓarnar: tana iya lalata jelunan kitse masu laushi, ba ta jituwa da kitse mai caji da yawa, sannan uwa-uba ba ta son gishiri.

Gishiri shi ne alƙalin wannan fanni, kuma dole a tsaya a kansa. Ruwan jikin mutum yana da gishiri kusan daidai da na ledar ƙarin ruwa ta asibiti, giram 9 a lita. Furotin da yawa ba sa aiki, wasu ma lalacewa suke yi, idan babu irin wannan gishirin. Ke nan jakar da aka ƙera cikin ruwan sukari zalla kyakkyawa ce a ido, amma ba gidan da furotin zai zauna ba ne. Me ya sa gishiri ke hana kumburi? Shimfiɗu biyu da ke kwance a kan juna suna da jan juna na ɗabi'a, abin da ke taimaka musu su rabu shi ne ɗan cajin da ke fuskokinsu, mai sa su ture juna. A ruwa mai gishiri kaɗan ƙwarai, turin nan yana kaiwa nisan nanomita 10 ko fiye. A ruwa mai gishirin jiki, ƙwayoyin gishirin suna taruwa su rufe cajin, nisan ya faɗo ƙasa da nanomita ɗaya. Shimfiɗun sai su manne, ruwa ya rasa mashiga. A 2008 wasu masu bincike a Faransa sun nuna cewa idan aka ɗaga juyawar wutar zuwa sau 500 a daƙiƙa ana iya samun jakunkuna cikin gishiri, amma abin bai zama mai sauƙi ga kowa ba.

A nan ne tunani ya juya daga ruwan da ke sama zuwa fuskar da ke ƙasa. A 2009 ɗakin binciken Michael Mayer a Jami'ar Mishigan ya shafa agaros, wani polima (sinadari mai dogayen sarƙoƙi) da ake samu daga ciyawar teku, a kan gilashi, aka bari ya bushe, sannan aka shafa kitse a kansa. Da aka zuba ruwa, har mai gishirin jiki, cikin 'yan mintuna jakunkuna suka fito. A 2013 ƙungiyar Carlos Marques a Strasbourg ta Faransa ta yi irin haka da PVA, polimar da ake yin ledar nan mai narkewa ta ƙunshin sabulun injin wanki. Bayanin da aka bayar mai shiga hankali ne: busasshen polima yana shan ruwa ya kumbura, ruwan ya bi ta cikinsa ya zo wa kitsen ta ƙasa, ya ɗaga shi. Ba wuta, ba gilashi mai tsada, ba kwanan jira.

Murna ba ta daɗe ba. A 2014 Rafael Lira da Karin Riske na Sao Paulo ta Barazil, tare da Rumiana Dimova ta cibiyar Max Planck da ke Potsdam a Jamus, suka duba jakunkunan agaros da kyau, suka tarar agaros ɗin ya narke ya shige cikinsu. Idan aka buga wa irin jakar nan wuta ta miƙe, ba ta komawa siffarta da saurin da tsabtatacciya ke yi, kuma idan ta huje, ramin ba ya rufewa yadda ya kamata. Ga wanda aikinsa shi ne auna taurin bango, wannan babbar illa ce: yana zaton kitse yake aunawa, ashe kitse da baƙo ne. Daga baya an sami rahoton irin wannan gurɓata a PVA ma. Wata ƙungiya a Leiden ta Holan ta gwada ɗaure sarƙoƙin polimar da juna da kuma jikin gilashin, don ya sha ruwa amma kada ya narke. Ya rage matsalar, sai dai ya ƙara aikin haɗa sinadarai da ba kowane ɗakin bincike ke da hannunsa ba.

Tambayar da ta rage a fili take: ina za a sami polima mai son ruwa, mai ƙofofi, wanda ruwa ba ya narkar da shi, kulorofom ma ba ya cinsa? Sharaɗin ƙarshen nan ya fitar da ledar polikabonet daga takara tun farko, don kulorofom narkar da ita yake yi. Amsar da ta zo daga Jami'ar Kalifoniya da ke Merced a 2016 ita ce takarda, irin ta tace ruwa. Takarda selulos ce, selulos kuwa polima ne, sarƙar sukarin gulukos da tsiro ke ƙerawa, kuma duk da yana shan ruwa ba ya narkewa a ciki. Anand Bala Subramaniam da ɗalibansa suka sa wa hanyar suna PAPYRUS.

Aikin kansa ba shi da wani tsafi. A yanko ɗan kewayen takarda wanda bai wuce farcen babban yatsa ba, a wanke shi da kulorofom da tsabtataccen ruwa don fitar da dattin masana'anta, a busar. A ɗiga masa ruwan kitse wanda aka sa wa ɗan rini mai ƙyalli, a busar a tukunyar zuƙe iska. A sa shi cikin ɗan rami, a rufe da ruwan sukari irin na shayi, a bar shi kamar sa'a ɗaya ko biyu. Idan aka leƙa da madubi a lokacin, za a ga zaruruwan takardar sun yi tsiro, ƙwallaye kore-kore ko ja-ja cunkushe a kan juna, yawancinsu har yanzu suna maƙale da gindi. Girbi shi ne a sa bututun awo a riƙa zuƙar ruwan ana mayarwa a hankali a kan takardar har su tsinke. Mai hankali yakan yanke bakin bututun ya faɗaɗa shi, don matsatsin baki fasa manyan yake yi. Sannan a zuba su cikin ruwan gulukos. Sukarin ciki ya fi na waje nauyi, sai su nutse su kwanta a gindin gilashi inda madubi zai same su, kuma bambancin sukarin yana sa gefensu ya fito ɓaro-ɓaro. Amma dole ƙarfin ruwan ciki da na waje su zo ɗaya. In na waje ya fi kauri, jakar ta yamutse. In ya fi tsarari, ta sha ruwa ta fashe.

Bayan takardar tace ruwa, ƙungiyar ta gwada yadi, na auduga da siliki da ulu da nailan da poliyesta, har da zaren gilashi, duk suka ba da jakunkuna. A 2020 Joseph Pazzi da Subramaniam suka fitar da aikin da a ganina shi ne ya fi kowane nauyi a wannan layi, ba don takardar da suka zaɓa ba, takardar nan mai shara-shara da masu zane ke kwafe hoto da ita, sai don sun ƙirga. Al'adar fannin a da ita ce mai bincike ya zagaya da madubi har ya sami kyakkyawar jaka ɗaya, ya ɗauki hotonta, ya ce hanyarsa ta yi aiki. Su kuwa suka girbe komai, suka ɗauki hotuna masu yawa, suka sa kwamfuta ta ƙirga jakunkuna da girmansu, suka lissafa kashi nawa na kitsen da aka shafa ne ya koma jaka mai bango ɗaya. Da irin wannan awon ne kawai za a iya cewa wannan hanya ta fi waccan.

Ƙirgar ta tona abin da ba a zata ba. Idan da shigowar ruwa ta ƙasa ita ce sirrin, da ledar dayalisis ta selulos, wata ledar tacewa wadda ruwa ke ratsawa amma fuskarta sumul take, ta ba da amfani irin na takarda. Ba ta ba da ba. Ta fi kusa da gilashi. Da kuma aka shafa wa takardar sinadarin da ya mayar da ita mai ƙin ruwa, amfanin ya rushe. Ke nan ƙofofi kaɗai ba su isa bayani ba. Abu biyu suka rage: fuskar ta kasance mai son ruwa, kuma ta kasance ta zaruruwa masu siririn gaske, masu faɗin 'yan gomomin nanomita.

Dalilin da suka kawo na lissafin ƙarfi ne, kuma ana iya binsa ba tare da alƙalami ba. Kafin shimfiɗa ta zama tsiro, sai an biya ƙarfin lanƙwasa ta, an kuma biya ƙarfin ɓamɓaro ta daga abin da take manne da shi. A kan gilashi shimfiɗar a miƙe take, hankalinta kwance, babu abin da ke ingiza ta ta tashi. A kan siririn zare kuwa, tun farko an tilasta mata ta naɗe shi, a takure take, kuma iya sirancin zaren iya takurar. Ga irin wannan shimfiɗa, tashi ta zama ɗan ƙwallo sauƙi ne ba wahala ba, don haka da kanta take yi. Sai kuma wani abu mai daɗin sani: ƙarfin da ake buƙata a lanƙwasa shimfiɗa ta zama cikakken ƙwallo ɗaya ne, ƙaramin ƙwallo ne ko babba. Saboda haka tsiro biyu da ke maƙwabtaka idan suka haɗe suka zama ɗaya, an yi ragin kuɗin ƙwallo guda cur. Shi ya sa 'yan mitsi-mitsin tsiro ke ta haɗewa, na nanomita su zama na maikromita, har a kai girman da madubi ke gani. Babbar jaka ba shimfiɗa guda ba ce da ta kumbura lokaci ɗaya; taron ƙanana ne da suka cinye juna. Bayani ne na nazari, wanda ya dace da ƙirgar da aka yi, ba wai an ga kowane mataki da ido ba, amma ya fi tsohon zancen ƙofofi ɗaukar nauyin abin da aka gani.

Sun kuma ce takarda na iya rage kuɗin fuskar da ake shafawa har sau 100,000 idan aka gwada da hanyoyin da aka saba. Ban ƙi lissafin ba, amma kada ya ruɗi kowa. Gilashin ITO ba shi ne babban kashin kuɗin aikin ba. Tataccen kitse yana da tsada, sai an ajiye shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, a rufe da iskar da ba ta da oksijin, in ba haka ba ya lalace. Madubin da ke yanka hoto sahu-sahu da hasken leza kuwa kuɗinsa ya fi na gida. Ɗakin binciken da wuta ke ɗaukewa rabin yini, firjinsa zai kashe masa aiki kafin ya zo maganar takarda. Inda arhar ke da ma'ana ta gaske shi ne wurin yawa: takarda ana samunta faɗin tebur, ana iya yin jakunkuna masu ɗimbin yawa a zubi ɗaya, abin da ba ya yiwuwa da 'yan gilasan lantarki.

Gishiri fa? Nan takarda ma ta durƙusa. Cikin ruwa mai gishirin jiki amfaninta yana faɗuwa ƙwarai, don lanƙwasar zare ba ta isa ta rinjayi mannewar da gishiri ke jawowa ba. Ɗakin binciken na Merced ya koma kan polimomin nan masu narkewa, a 2023 ya fitar da awon polima iri shida cikin ruwan gishiri. Dukansu sun ɗan taimaka, amma agaros mai daskarewa a ƙaramin zafi shi kaɗai ne kullum yake mayar da fiye da kashi 10 cikin ɗari na kitsen ya zama jakunkuna. Bayanin da suka bayar shi ne ya fi jan hankalina: polimar tana taimako ne daidai saboda tana narkewa. Sarƙoƙinta da suka narke suna maƙalewa tsakanin shimfiɗu, ba sa iya fita, sai su jawo ruwa ya shigo inda suke da ƙarfin da ya ture shimfiɗun. Wato abin da Lira da abokansa suka kama a matsayin gurɓata, shi ne injin da ke tuƙa aikin. Ba za ka cire baƙon ka riƙe taimakonsa ba. Wata mafita da ake bi ita ce a fara tsirar da jakunkunan cikin ruwa marar gishiri na 'yan mintuna, sannan a ƙara gishirin tun suna maƙale da gindi, lokacin da yake da hanyar shiga ciki.

Akwai abubuwan da duk hanyoyin shafa-a-busar ba sa iyawa da kyau, takarda ce ko gilashi ko agaros. Busarwa tana wahalar da furotin da ke zama cikin bango. Cusa manyan abubuwa a ciki, irin su dogon DNA ko tarin injinan ƙera furotin, sai abin da sa'a ta bayar, wata jaka ta samu wata ta tashi wayam. Kuma sahun ciki da na waje na bangon iri ɗaya suke fitowa, alhali a ƙwaya mai rai sun bambanta. Masu ƙoƙarin ƙera ƙwayar halitta daga tushe shi ya sa da yawansu suka fi son hanyar da Sophie Pautot da David Weitz da Barbara Frisken suka bayyana a 2003: a yi ɗigon ruwa cikin mai, kitse ya lulluɓe shi sahu ɗaya, sannan a nutsar da shi ta kan iyakar mai da ruwa ya ɗauki sahu na biyu. Duk abin da ka sa a ɗigon yana ciki. Ita kuma tata illar, ragowar mai yakan maƙale tsakanin jelunan, kolestarol kuma ba ya shiga bangon gwargwadon yadda aka zuba shi.

Girma ma ba ya zuwa ɗaya. Girbin takarda ƙanana sun fi yawa nesa ba kusa ba, manyan 'yan tsiraru ne. A nan leda mai ƙofofi ta sake dawowa, wannan karon a matsayin matata. A 2009 Ting Zhu da Jack Szostak a Boston suka matsa jakunkuna ta ramukan maikromita 5 don kada a bar wadda ta wuce haka, sannan suka sa su a bayan leda mai ramukan maikromita 3, ana sauya ruwan waje, ƙananan suna sulalewa suna fita. Waɗanda suka rage kusan duk maikromita 4 ne. Nasu na kitse mai jela ɗaya ne, masu bango da yawa, don abin da suke bi shi ne yadda ƙwayoyin farko a duniya suka iya hayayyafa tun babu furotin. Da suka ƙara musu kitse daga waje, jakunkunan suka miƙe suka zama dogayen zaruruwa, ɗan kaɗawar ruwa kuma ya tsittsinka su zuwa 'ya'ya masu yawa, kowace ɗauke da rabonta na abin da ke cikin uwar.